BINCIKEN KISAN KAI: Wasan Telebijin Da Hukuncin Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Masanin fake da bayyane. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tun daga 1962 da aka buɗe gidan telebijin na Kaduna, wannan akwati ya yi ta kutsawa cikin gidajen jama'a, har ya kai yau ba birni ba ƙauye. A Gwandu ko a Kalgo, da zarar an idar da sallar Lisha, sai ka tarar da samari sun yi cincirindo a gidan kallo, ko sun haɗa kai a kan wayar hannu guda. Cikin wasannin da suka fi ɗaukar hankalinsu kuwa har da na 'yan sandan ciki masu binciken kisan kai. Amurka ta yi Columbo, wanda aka fara nunawa a jere a 1971. Jamus ta yi Derrick daga 1974 zuwa 1998. Indiya kuma ta fito da CID a 1998. Duk tafiyarsu ɗaya ce: a tsinci gawa, jami'i ya zo ya duba jini da sawu, ya yi ta tambayoyi, kafin wasan ya ƙare an sa wa mai laifi ankwa.

Akwai abin lura a cikin wasan Columbo. Galibi tun da farko a kan nuna wa mai kallo wanda ya yi kisan da yadda ya yi shi, sa'an nan a shigo da jami'in. Saboda haka mai kallo ba ya shakka ko kaɗan. In wanda a ke zargi ya yi musu, ya san ƙarya ya ke yi. In an ɓata lokaci wajen neman hujja, sai ya ƙosa. A waɗansu wasannin ma, in aka kwaɗa wa mutum mari ya amsa laifi, sai 'yan kallo su yi tafi. To, a nan haɗarin ya ke. An ba mai kallo abin da ba a ba alƙali ba, watau ganin abin da ya faru a ɓoye. Wanda ya saba da wannan, in ya fito waje sai ya ɗauka zatonsa ma gani ne. Darasin wannan mako shi ne yadda Shari'a ta raba zato da hujja a cikin al'amarin jini.

GIRMAN JINI DA GADON GWANDU

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 32 ta Suratul Ma'ida, ya daidaita kashe rai guda ba bisa haƙƙi ba da kashe mutane duka, ya kuma daidaita raya rai guda da raya su duka. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa jini shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar Alƙiyama. Wannan girma yana da fuska biyu. Ta farko, kada jinin wanda aka kashe ya tafi a banza. Ta biyu, kada a zubar da wani jinin na marar laifi da sunan ramuwa. Masu shirya wasanni sun riƙe ta farko, sun yi sakaci da ta biyu. Shari'a kuwa ta riƙe su duka.

Mutanen ƙasar Gwandu ba baƙi ba ne ga wannan ilmi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka ɗora wa kula da yammacin daula, kuma hubbarensa ya ke a garin Gwandu, shi ne babban masanin fiƙihu na jama'ar jihadi. Sa'ad da ya ga waɗansu sun fara karkata ga son mulki da dukiya, sai ya kama hanyar gabas da niyyar Hajji. Da ya iso Kano mutanenta suka roƙe shi ya rubuta musu yadda a ke tafiyar da hukunci, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami. A cikinsa ya yi bayanin wajiban shugaba, da naɗin alƙalai da sauran wakilai, da siyasar Shari'a, watau dabarun da hukuma ke bi ta tono gaskiya ta kawar da ɓarna ba tare da ta ƙetare iyaka ba. Tare da Risala ta Ibnu Abi Zaidin, da Muhtasar na Shehu Halilu, da Tabsiratul Hukkami na Ibnu Farhuna, waɗannan su ne irin littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka tashi a kansu.

DAGA ZATO ZUWA HUJJA

A ƙaddara an wayi gari an tsinci gawar wani manomi a fadamar shinkafa kusa da Kalgo. Kowa ya san jiya sun yi cacar baki da maƙwabcinsa a kan iyakar gona. Kafin hantsi magana ta game gari, kowa na cewa ai wane ne. Me Shari'a ta ce?

Mataki na farko shi ne zato. Faɗan jiya zato kaɗai ya ke haifarwa. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta yi umurni da nisantar yawancin zato, domin sashinsa zunubi ne, aya ta 6 kuma ta wajabta bin diddigin labari kafin a auka wa mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Haka nan samun gawa a gonar mutum, ko a ƙofar gidansa, ko a cikin ƙauyen waɗansu mutane, bai zama hujja a kansu ba a mazhabar Maliku, domin mai kisa ya kan jefar da gawa nesa da kansa don a zargi wani.

Mataki na biyu shi ne tuhuma, wadda ke halatta wa hukuma ta kira mutum ta bincike shi. Ibnu Farhuna ya kasa waɗanda a ke tuhuma kashi uku. Akwai wanda aka sani da kirki, wannan ba a wulaƙanta shi saboda ƙarar da ba ta da madogara. Akwai wanda aka sani da ɓarna, wannan a kan tsananta bincike a kansa. Akwai kuma wanda ba a san halinsa ba, wannan a kan tsare shi gwargwadon abin da al'amari zai bayyana. Tsarewa domin bincike ce, ba ita ce hukunci ba.

Mataki na uku shi ne abin da malamai ke kira lausu, watau alama mai ƙarfi da ke sa zuciya ta rinjaya ga gaskiyar masu ƙara, amma ba ta kai cikakkiyar shaida ba. Misalinta, adili guda ya ga kisan da idonsa. Ko a ga mamacin yana shure-shure cikin jininsa, ga wanda a ke tuhuma a kusa da shi da alamar jini a jikinsa. Ko wanda aka raunata ya ce kafin ya cika, jininsa yana wuyan wane, adilai biyu kuma suka ji. Malikawa sun kafa hujjar wannan na ƙarshe da ƙissar saniyar Bani Isra'ila a Suratul Baƙara, inda Allah Ya rayar da wanda aka kashe ya faɗi wanda ya kashe shi, ko da ya ke malaman sauran mazhabobi ba su yarda da su a kan haka ba. In an sami lausu, ba a kashe mutum da shi kai tsaye. Sai magada jini maza, aƙalla biyu, sun yi rantsuwa hamsin cewa lalle wane ne ya kashe ɗan'uwansu. Wannan ita ce ƙasama, kuma ba a kashe fiye da mutum guda da ita.

Mataki na huɗu shi ne cikakkiyar hujja: shaidu biyu maza adilai waɗanda suka gani da ido, aka kuma tsarkake su, ko kuwa iƙirarin mai laifi da bakinsa bisa son ransa. Bayan wannan duka, alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, watau ya tambayi wanda a ke ƙara ko yana da sauran hujja ko suka a kan shaidun, ya kuma ba shi lokaci ya kawo.

DARASIN HAIBARA

Asalin ƙasama yana cikin wani kisa da aka yi a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda Imamu Maliku ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim kuma suka ruwaito. Abdullahi ɗan Sahlu da Muhayyisa sun tafi Haibara lokacin ana zaman sulhu da Yahudawanta. Suka rabu kowa ya kama sha'aninsa, daga baya aka sami Abdullahi an kashe shi. Danginsa suka zo Madina suna zargin mutanen garin. Annabi ya ba su zaɓi su yi rantsuwa hamsin su cancanci jinin ɗan'uwansu. Suka ce ba za su rantse a kan abin da ba su halarta ba, ba su kuma gani ba. Ya ce to Yahudawan su rantse hamsin su kuɓuta. Suka ce ba su amince da rantsuwarsu ba. Daga nan sai Annabi ya biya diyyar raƙuma 100 daga wajensa.

Mai karatu ya dubi wannan da kyau. Ga gawa, ga tsohuwar gaba, ga garin waɗanda a ke zargi, ga kuma ƙarfin hukuma a hannun Musulmi. Duk da haka ba a kama kowa an kashe ba, ba a ƙone gidan kowa ba. An biya diyya don kada jinin ya tafi a banza, an kuma bar waɗanda hujja ba ta tabbata a kansu ba. Da wasan telebijin ne, da 'yan kallo sun ce an cuce su, tun da ba a nuna mai laifi ba. A wurin Shari'a kuwa, shari'ar da ta ƙare ba a gano mai kisa ba ta fi wadda ta ƙare a kan wuyan marar laifi. Wanda ya ɓuya a duniya ba zai ɓuya a Lahira ba.

MATSAYIN ALAMU

Kada a fahimci cewa Musulunci ya ƙi binciken alamu irin wanda a ke gani a wasannin. Suratu Yusufa ta kawo riga sau biyu a matsayin alama. 'Yan'uwan Annabi Yusufu sun kawo rigarsa da jinin ƙarya, malaman tafsiri suka ce Annabi Yaƙubu ya gane ƙaryar ne domin rigar ba ta yage ba, alhali kerkeci ba ya cin mutum ya bar rigarsa lafiya. A gidan Azizu kuma, tsagewar rigar ta baya ita ce ta wanke shi. Haka nan a Madina, da aka sami wata yarinya an rotse mata kai tsakanin duwatsu biyu, sai aka riƙa ambata mata sunaye har ta yi nuni da kanta ga wani. Amma ba a kashe shi da nunin kaɗai ba, sai da aka kawo shi ya amsa.

Tambarin yatsa, da binciken likita a kan gawa, da gwajin ƙwayoyin halitta da a ke kira DNA, duk jikokin rigar Yusufu ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta dogaro da gwajin DNA wajen binciken laifi, amma ba ta yarda a tsayar da haddi ko ƙisasi da shi kaɗai ba. Dalili a fili ya ke. Gwajin yana iya nuna cewa mutum ya taɓa wuƙa, amma ba ya faɗin yaushe ya taɓa ta, ko don me.

AMSA LAIFI A ƘARƘASHIN SANDA

Ibnul Ƙayyim ya kawo wani labari a littafinsa Aɗɗuruƙul Hukmiyya. A zamanin Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, masu sintiri suka sami wani mutum a cikin kango riƙe da wuƙa jina-jina, ga gawa a gabansa. Aka tambaye shi, ya ce shi ya kashe. Ana shirin zartar da ƙisasi sai ga wani ya sheƙo a guje yana cewa a dakata, shi ne mai kisan. Aka tambayi na farko abin da ya sa ya amsa. Ya ce shi mahauci ne, ya yanka saniya da asuba, fitsari ya matse shi ya shiga kangon da wuƙarsa a hannu, ya yi kiciɓis da gawar, kafin ya farga an kewaye shi. Ya ga ba mai gaskata shi, sai ya amsa ya bar wa Allah. Sayyidina Hasan ya ba da shawara cewa na biyun, in ya kashe rai, to ya kuma raya rai. Aka sake su duka, aka biya diyya daga baitulmali.

Irin wannan ya sake faruwa a Ingila a 1986. An kashe wata yarinya a yankin Lesta, 'yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 17, ya amsa laifi. Farfesa Alec Jeffreys, wanda ya gano gwajin DNA a 1984, ya auna ya ga ba shi ba ne. Aka sake shi, a 1988 aka ɗaure ainihin mai laifin, Colin Pitchfork. Ke nan aikin farko da gwajin ya yi a binciken kisan kai shi ne wanke wanda ya riga ya amsa.

In mutum yana iya amsa abin da bai yi ba don tsoro kaɗai, ina ga wanda aka rataye, aka hana shi abinci, aka lakaɗa masa duka? An ruwaito daga Sayyidina Umaru cewa wanda aka yunwatar, ko aka ɗaure, ko aka buga, ba a amince wa abin da zai faɗa a kan kansa ba. Ko da ya ke waɗansu malamai irin su Sahnunu sun sassauta game da wanda ya shahara da ɓarna, abin da Shehu Halilu ya tafi a kai a Muhtasar shi ne iƙirarin dole ba ya tabbatar da laifi, ko da wanda aka tilasta ya fito da kayan sata ko ya nuna gawa. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki wanda a ke tuhuma marar laifi har sai an tabbatar, Dokar Shaida ta 2011 ta hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, a 2017 kuma aka kafa dokar da ta mai da azabtarwa laifi. Marin da a ke yi wa tafi a gidan kallo zalunci ne a Shari'a, laifi ne a doka.

SHARI'AR TSOFO GUBBA

Wasan telebijin ya kan ƙare da ankwa, alhali a nan ne aikin alƙali ke farawa. Ƙasar Gwandu tana da shahararren misali. A 1947, zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta saurari ƙarar wani mai suna Tsofo Gubba, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa hukuncin kisa. Gardamar ba a kan wanda ya yi kisan ta ke ba, a kan hukuncin ta ke. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya kai wa wani bugu na ƙiyayya ya mutu, kisan ganganci ya yi, ko da tunzura shi aka yi, sauƙinsa yana hannun magada jini. A dokar Turawa kuwa, tunzurawa tana rage laifin. Kotun ta soke hukuncin kisan. Wannan ya jawo muhawara ta shekaru, har Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana a 1958 a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, aka fito da kundin Penal Code wanda ya fara aiki a 1960.

Abin nufi, sanin mai kisa rabin aiki ne. Sai an tantance ganganci ne ko kuskure. In kuskure ne, diyya ce a kan dangin uba, da kaffara a kan mai kisan. In ganganci ne, magada suna da ƙisasi, suna kuma da ikon yafewa, aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta kira wannan sauƙi da rahama. In sun yafe, a mazhabar Maliku a kan yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. In kuwa kisan gilla ne, watau a yaudari mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe shi don dukiyarsa, to ba yafewa, haƙƙin ya koma na jama'a. Waɗannan duka aikin alƙali ne da shugaba. Ba a bar ko ɗaya a hannun taron kasuwa ba.

ABIN DA YA WAJABA A KAN KOWA

A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, taron jama'a ya kashe matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta masu komawa gida, bisa zaton masu satar mutane ne. Ba shaida, ba alƙali, ba i'izari. Kowane Musulmi ya ji zafin wannan. Amma wajibi ne wanda ya ji zafin ya tambayi kansa, in an yi ihun ɓarawo a kasuwar garinsu, shi me ya ke ɗauka, dutse ko hanyar ofishin 'yan sanda? Sayyidina Umaru ya kashe jama'a saboda mutum guda da suka taru suka kashe a San'a'a. Yawan hannaye ba ya raba zunubin jini, kowane hannu yana ɗauke da shi cikakke.

Saboda haka, ɗan sanda ya sani aikinsa ibada ne in ya tsare amana, ya yi haƙurin bin sawu maimakon gaggawar sanda. Wanda ya ga abu da idonsa ya je ya faɗa, domin aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta bayyana mai ɓoye shaida da mai zunubin zuciya. Wanda bai gani ba kuma ya kame bakinsa da yatsansa, kada ya yaɗa hoton wani a waya yana kiransa mai kisa. Magada jini su yi koyi da dangin Abdullahi ɗan Sahlu, waɗanda baƙin ciki bai sa sun rantse a kan abin da ba su gani ba. Matasa masu shirya wasannin Hausa kuma, da ɗaliban jami'ar tarayya da ke hanyar Kalgo zuwa Bunza masu sha'awar rubutu, ga labarin mahauci da na Haibara nan, sun isa a gina wasan da zai koya wa jama'a jinkiri a kan jini.

Annabi da kansa ya gaya wa masu jayayya cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, kuma wanda ya ci haƙƙin ɗan'uwansa da iya magana, yankin wuta ya ɗauka. In wanda wahayi ke sauka gare shi ya tsaya a kan hujja, to wanda iliminsa bai wuce jita-jita ba shi ya fi cancanta ya tsaya.

Allah Ya jiƙan Shehu Abdullahi da sauran magabata, Ya shiryar da alƙalai da masu bincike, Ya tsare hannayen Musulmi daga jinin bayinSa. Allah Shi ne Mafi sani.